Ranar da Lissafi Ya Ɗumama Ruwan Randa

Ruwan da ya sauko a ƙarshen daminar waccan shekarar bai ci gida ko ɗaya a Magarya ba, amma ya shafe fadama. Kwana goma sha ɗaya ya yi kwance a kanta. Da ya janye sai ya bar laka shimfiɗe sumul kamar an yi daɓe. Babu kunya, babu kwari, babu turken iyaka ko ɗaya. Mutum zai tsaya a inda ya shekara talatin yana noma, ya duba gabas ya duba yamma, ya kasa cewa ga inda tasa ta ƙare ta maƙwabci ta fara. Ga kuma irin albasa ya isa dashe, in ya ƙara sati biyu a bedin da aka rene shi zai tsufa. Har an fara ɗaga murya a bakin masallaci tsakanin mutanen da iyayensu ba su taɓa saɓawa ba.

Mahbuba ce ta ce akwai hanya. 'Yar garin ce, ta yi karatun safiyo, wato auna filaye, a Sakkwato, ta dawo tana yi wa ƙungiyar manoman fadama aiki. Da ranin da ya wuce ta tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, ta bi fadamar kaf don a ƙidaya rijiyoyin ban-ruwa. Hotunan suna nan ajiye. Bayan ruwa ya janye ta sake tashin jirgin. Ta yi wa shugaban ƙungiya, Baba Abdulƙadiri, bayani cewa in kwamfuta ta ɗinke tsofaffin hotunan da sababbin, sama da dubu huɗu, za a samu taswira guda mai nuna kowace kunya a inda take kafin ruwa, sai ta bi da na'urarta ta kafa turaku. Baba Abdulƙadiri, dattijo ne da ya haura saba'in, bai fahimci yadda ake ɗinke hoto ba, amma ya san Mahbuba tun tana goye, ya ce ta yi.

Sai dai aikin ya ƙi. Kwamfutar ƙungiya tana wani ɗaki kusa da farantan sola na famfon ban-ruwa. Da rana wuta har ta yi yawa, amma batiran sun tsufa, rana na faɗuwa suke mutuwa. Aikin ɗinkin yana bukatar awa goma sha uku ba tsayawa, ranar kuwa ba ta ba da fiye da goma da rabi. In wuta ta ɗauke, komai ya rushe, sai a faro daga farko. Sau biyu suka gwada da janareto, sau biyu yana tari a tsakiyar aiki ya kashe komai. Rana ta uku Mahbuba ta zauna tana kallon baƙin allon, ta ji kamar ta yi wa gari alkawarin da ya fi ƙarfinta.

Washegari ta hau mota zuwa Goronyo wajen kawunta Iliyasu. Rumfarsa tana bayan 'yan albasa a kasuwa. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, ya koma waya, yanzu da furfura a gemu har kwamfuta ake kawo masa. Ya saurare ta yana goge tabarau da bakin riga. Ya ce mata akwai wani abu a cikin kwamfutar da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta, faɗinsa bai kai akwatin ashana ba. Masu ƙera shi sun ɗaure masa gudu a inda ba zai wahala ba, amma yana da sauran ƙarfi a ajiye. Ana iya shiga a kwance ɗaurin, ya yi aikin awa goma sha uku a cikin goma da 'yan mintuna. Matsalar ita ce zafi. Fankar da ya zo da ita ba za ta iya da shi ba, sai an buɗe kwamfutar an sanyaya shi da ruwa. Ya kuma ce abin yana iya ƙonewa, ba zai ɓoye mata ba.

A nan Mahbuba ta tuna da hatimi. Wata bakwai da suka wuce ita ta je Sakkwato ta ɗauko kwamfutar a shagon Alhaji Atiku, dillalin kwamfutoci, mutumin Rabah da ya daɗe a birni. Ya ba su garantin shekara guda a rubuce, ya manna wani ɗan hatimi mai sheƙi a bakin murfin. Ta kira shi daga rumfar kawun nata, ta faɗa masa komai. Ya ce:

"Malama, kayanku na, ban hana ku. Amma in kunka ɓalle hatimin nan kunka ƙara mata gudu, garanti ya tashi. Kamhwanin da nis sawo gare su ba su amsa, ni ko ban amsa. Kar ki ce ban hwaɗa miki ba."

Ta yi masa godiya. Da ta koma gida ta kai maganar gaban Baba Abdulƙadiri da sauran dattawan ƙungiya, don kwamfutar ba tata ba ce. Ta karanta musu takardar garantin, ta fassara, ba ta rage komai ba. Wani ya ce a haƙura a raba gonaki da igiya da shaidar maƙwabta. Wani ya ce shaidar maƙwabtan ce ai ta kawo rigimar. Baba Abdulƙadiri ya tambaya ko takardar tana iya nuna wa mutum gonarsa. Aka ce a'a. Ya ce to a buɗe.

Iliyasu ya iso ran Talata a kan babur, da buhu ɗaure a baya. Mahbuba ce ta sa reza ta yanka hatimin da hannunta. Ya cire fankar, ya goge saman furosesan, ya shafa masa wani farin mai, ya ɗora wani ɗan curin jan ƙarfe da ya kwana biyu yana fafewa yana liƙewa. Daga curin bututu biyu suka fito, waɗanda ya ciro a jikin mataccen firij. Ya haɗa su da ɗan famfon sabuwar na'urar feshi mai batir, ya zura bakinsu cikin babbar randar da aka aro a gidan Inna Turai, wata dattijuwa da gonarta ke cikin waɗanda suka ɓace. Ruwan sanyi zai taso daga randa, ya ratsa curin, ya kwashi zafi ya koma.

Sannan ya kunna kwamfutar, ya danna wani maɓalli tun tana tashi, wani shuɗin shafi ya fito wanda Mahbuba ba ta taɓa gani ba duk da shekarunta da kwamfuta. Ya nuna mata wata lamba. Ya ce wannan shi ne bugun furosesan: sau biliyan uku da miliyan ɗari shida a daƙiƙa ɗaya. Ya ɗaga ta kaɗan, ya gwada, ta riƙe. Ya ƙara, ta riƙe. Da ya kai biliyan huɗu da miliyan ɗari bakwai allon ya daskare, ya mutu. Zuciyar Mahbuba ta yanke. Iliyasu ya zare wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya mayar, ta tashi. Ya sauko zuwa biliyan huɗu da rabi. A nan ta zauna daram.

Baba Abdulƙadiri yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ya ji lambar. Ya sa aka maimaita masa. Ya ƙyafta ido sau ɗaya, ya tambaya ko a cikin wannan ƙyaftawar abin ya buga sau biliyan. Iliyasu ya ce ya fi. Dattijon ya daɗe yana kallon akwatin kwamfutar, ya ce a hankali, "Subhanallahi."

Ran Laraba, hantsi bai gama ɗagawa ba, wuta ta kawo. Ƙarfe bakwai da rabi Mahbuba ta yi bisimilla ta danna. Wani siririn layi ya fito a allon, a ƙarƙashinsa aka rubuta awa goma da minti ashirin. Ta lissafa a ranta: shida saura minti goma. Rana kuwa a wannan watan kan daina ba da wuta wajen ƙarfe shida.

Awa biyu da farawa Iliyasu ya tsoma hannu a randa ya ce ruwan ya fara ɗumi, a sauya. Inna Turai da mata uku suka kama jigila daga rijiya, ana kwashe mai ɗumi da kwarya ana zuba mai sanyi. Labari ya bazu cikin gari, mutane suka fara taruwa a bakin taga. Baba Abdulƙadiri ya taso ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa cikin randar har gwiwa. Mahbuba ta ga fuskarsa ta sauya. Ya leƙa ƙarƙashin randar, babu wuta. Ya duba bututun, ya duba akwatin.

"Iliyasu, mi ka kawo wanga zahi?"

"Lissahi na, Baba. Lissahi taka yi."

"Lissahi ka ɗumama ruwa?"

"Shi ɗai, Baba."

Dattijon ya fito da hannun yana ɗiga, ya kalle shi. Ya ce shekararsa saba'in da 'yan kai yana jin ana cewa tunani ya sa kan wane ya yi zafi, bai taɓa zaton zai taɓa zafin da hannunsa ba. Mahbuba ta yi dariya, amma da ta tsoma nata hannun sai dariyar ta tsaya. Ta san bayanin, ta karanta shi a makaranta. Amma ga ruwan rijiyar garinsu, wanda aka ɗebo da sanyinsa ɗazu, ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, kuma ba abin da ya taɓa shi sai ƙidayar da wani ɗan abu ke yi a kan kunyoyin albasarsu.

Azahar ta yi, aka yi salla ana karɓa-karɓa don kar a bar randar. Iliyasu bai ɗauke ido daga lambar zafi ba. Ya ce in ta haura casa'in abin zai kashe kansa. Tana yawo tsakanin saba'in da takwas da tamanin da biyar. Bayan la'asar wani gajimare, ragowar damina, ya taso daga gabas ya rufe rana. Fitilar na'urar sola ta koma ja, ta fara ƙara. Mahbuba ta fita waje ta tsaya tana kallon sama, tana ƙidaya a ranta. Minti tara gajimaren ya yi kafin ya wuce. Tsofaffin batiran sun riƙe.

Ƙarfe shida saura kwata inuwar dabino ta fara hawa farantan sola. Wani manomi mai suna Lawwali ya hau ya ja reshen da igiya ya riƙe. Layin ya cika da minti huɗu a kan lokacin da aka rubuta. Allon ya yi fari, sannan hoton ya fara sauka daga sama zuwa ƙasa. Mahbuba ta yi sauri ta adana shi a wuri biyu kafin ta yarda ta duba.

Fadamar Magarya ce gaba ɗaya, kamar yadda shirwa ke ganinta. Gulbin Rima ya bi gefe yana lanƙwasa. Ga gonaki ɗaruruwa, kowace da kunyarta, kore da ruwan ƙasa, jere kamar zanen tabarma. Aka buɗe ƙofa mutane suka shigo biyar-biyar. Mahbuba ta riƙa jawo hoton kusa. Lawwali ya ga gonarsa, har da tsohon bokitin da ya manta a bakin rijiya da rani. Inna Turai ta ga tata, 'yar siririya tsakanin manya biyu, ta ɗora yatsa a kan allon ta bar shi a nan, ta ce ashe haka take, ita ba ta taɓa sanin tana da wutsiya ta wajen arewa ba. Mutum biyu da suka kwana huɗu ba sa gaisawa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon kunyar da ke tsakaninsu. Ba a inda ɗayansu ya ce take ba.

Sai Mahbuba ta juya zuwa hoton bayan ruwa, don ta nuna yadda za a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Laka ce fara fat ta ko'ina. Amma a tsakiyarta akwai wani abu da ba ta lura da shi ba a ƙananan hotuna: wani faffaɗan layi mai duhu, inda lakar ba ta bushe da wuri ba. Ya taso daga gulbi, ya yi gwiwa ta gabas da babbar tsamiya, ya ratsa ƙarƙashin gonaki kusan arba'in, ya koma gulbi can ƙasa. A ƙasa ba a ganinsa, mutum zai taka shi bai sani ba. Ta ce ba ta san ko mene ne ba.

Baba Abdulƙadiri ya matso har numfashinsa na taɓa allon. Ya bi layin da yatsa tun daga farko.

"Wanga tsohon gulbi na," ya ce. "Kakata ta hwaɗa muna. Ta ce nan gulbi ka bi, gabas ga tsamiya, nan masunta ka ɗaure jirage. Munka ɗauka zancen tsohuwa na."

Wuta ta ɗauke yana cikin magana. Allon ya yi baƙi, amma ba wanda ya motsa, sai da aka kira magariba.

Kwana uku Mahbuba ta yi tana kafa turaku, aka fara dashe. Mutanen Kwargaba, waɗanda ruwan ya yi wa irin wannan ɓarnar kuma ta ɗauki hotunan fadamarsu, suka aiko a yi musu. Aka sake cika randa. Awa huɗu da farawa wani ƙauri kamar na ƙonannar roba ya tashi, kwamfutar ta mutu, ba ta ƙara tashi ba. Iliyasu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce laifinsa ne. Mahbuba ta ce da yardar kowa aka yi.

Ta ɗauki kwamfutar a kwali zuwa Sakkwato. Ta ajiye a kan teburin Alhaji Atiku, yankakken hatimin yana kallonsa, ta ce ba garanti ta zo nema ba, ta san ya tashi. So take ya duba ya faɗa mata abin da ya mutu. Alhajin, mutum ne mai ƙiba da saurin magana, ya buɗe da kansa. Ya ga curin jan ƙarfen, ya juya shi a hannu, ya tambayi wanda ya ƙera. Ya zare furosesan ya sa a wata kwamfutar, ya tashi lafiya lau. Abin da ya ƙone wasu 'yan ƙananan abubuwa ne a jikin babban allon ciki, masu ba furosesan wuta. Ya ce da fankar nan suke shan iska. An shayar da ƙwaƙwalwa ruwa an bar su da ƙishi. Ya sake cewa garanti kam babu, maganarsa tana nan.

Sannan ya tambaya ko aikin ya yiwu. Ta buɗe taswirar a wayarta ta miƙa masa. Ya ja da yatsa biyu, ya matsar, ya sake ja. Masu saye biyu suka shigo suka fita bai ɗago ba. Ya ce shi ma ɗan fadama ne, a Rabah ya yi dashen albasa har hannunsa ya yi kanta kafin ya taho birni. Shekara ashirin yana sayar da waɗannan akwatuna, yawanci wasiƙa ake bugawa da su. Ta nuna masa layin mai duhu, ta faɗa masa abin da Baba Abdulƙadiri ya ce, da cewa ran Asabar za a haƙa a gani. Ya ajiye wayar. Ya ce yana da wani allon ciki da zai ba su aro har su gama na Kwargaba, da ƙaramar fanka ta waɗancan abubuwan, amma ba zai ba ta ba, shi zai kawo da kansa.

Ya zo ran Asabar da hantsi. Shi da Iliyasu suka durƙusa a gaban akwatin suna musu a kan lambobi kamar sun shekara da sanin juna, suka daidaita a kan biliyan huɗu da miliyan ɗari uku, za a raba aikin Kwargaba gida biyu. Da aiki ya kama sai aka bar Inna Turai da randa, suka bi mutane zuwa fadama.

Mahbuba ta auna, ta nuna wani wuri gabas da tsamiya, a gefen gonar Lawwali. Maza huɗu suka sa diga da shebur. Baƙar ƙasa ce ta fara fitowa, irin wadda kowa ya sani. Da ramin ya kai ƙugu sai ta koma ja. Da ya kai ƙirji shebur ya yi wata ƙara daban, mai haƙan ya watso abin da ya ɗebo: farin yashi ne tas, mai laushi, irin na tsakiyar gulbi, a wurin da ke da tafiyar minti ashirin daga ruwa. Alhaji Atiku ya tuɓe takalmi ya tattare babbar riga ya durƙusa a bakin ramin. A cikin yashin akwai ɓawon kumba, irin wadda ake tsinta a bakin gulbi, wasu a farfashe, wasu a rufe kamar jiya aka binne su. Kafin a ƙara shebur goma ruwa ya fara tsatsowa daga ƙasa, garai-garai, yana taruwa a ƙafafun masu haƙa.

Mahbuba ta tsuguna ta ɗauki kumba ɗaya ta wanke a ruwan, cikinta ya yi sheƙi. Ta miƙa wa Baba Abdulƙadiri. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana juya ta a rana. Sannan ya waiwaya ya nemi mai babur. Ya ce a je Wurno yanzu a ɗauko yayarsa Kaltume, ko da za a riƙa tsayawa a hanya tana hutawa. Su biyu kaɗai suka rage cikin waɗanda suka ji maganar gulbin daga bakin kakarsu, kuma ita ce ta fi shi yi mata dariya.